Kwandon Rogo a Tafkin Babana

Ɗana na biyu ya haƙa rami a tsakar gidansa da ke Azuba, ya shafe shi da siminti, ya manna masa shuɗin tayil, ya cika shi da ruwan bohol, sannan ya zuba wasu 'yan jajayen kifaye waɗanda ko kyanwa ba za ta ƙoshi da su ba. Har da wani ɗan inji da ke tura ruwan sama, ya dawo yana tsiyaya a kan duwatsu. Da ya ɗauko ni daga cikin gari ya kai ni in sa albarka, na tsaya daga nesa na ce masa, "Wannan kuma na mene ne? Sha za ku yi ko wanka?" Ya yi dariya ya ce, "Mama, ba ko ɗaya. Na hutawa ne. In na dawo daga ofis kaina ya ɗau zafi, sai in zauna in ji ƙarar ruwa." Na ce to madalla, mu a zamaninmu wanda kansa ya ɗau zafi jiƙo ake ba shi ya sha ya kwanta. Ya ce ai ba shi kaɗai ba ne, unguwar tasu kowa yi yake. Na kusa da shi tarwaɗa yake kiwo a nasa. Na gaba da shi a wani otal ya gani a Abuja, abin ya ba shi sha'awa. Akwai wanda matarsa ce ta ce tana son ta riƙa ganin tsuntsaye suna sauka. Na ji duka na ƙyale shi, don gidansa ne, kuma shi ya san wahalar da ya sha kafin ya gina shi.

Amma da ya jawo kujera ya ajiye a bakin ruwan ya ce in zauna, wallahi ƙafafuna suka ƙi. Ruwan bai kai gwiwa ba, ana hango gindinsa tar. Duk da haka na kama kaina ina leƙa kusurwoyinsa, ina neman abin da aka ɓoye a ciki. Ya ce, "Mama, tsoron ruwa kike ji?" Na ce ƙafata ce ke ciwo, a mayar min da kujerar baranda. Ƙarya na yi masa. Tsoro nake ji, kuma tsoron ya girme shi nesa ba kusa ba.

Babana ma ya haƙa tafki a lambunsa, amma shi ba don ya ji ƙarar ruwa ba. A lokacin muna zaune a bayan gari, ta wajen Ashige, inda yanzu ko wurin ɗaure akuya ba za ka samu ba saboda gine-gine. Gwandara muke yi a gida, Hausa a kasuwa da masallaci. Ramin asalinsa na ƙasar gini ne, daga nan aka ɗebi ƙasar da aka yi ɗakin Inna, wato mahaifiyata. Da rani ya yi, sai Baba ya lura ko'ina ya bushe ƙamas amma gindin ramin nan da danshi. Shi ke nan ya kama shi. Kowace shekara yana ƙara masa zurfi da diga, muna kwashe ƙasar da kwanduna, har ya zama ɗan tafkin da ba ya ƙafewa. Gefe ɗaya ya kwantar da gangaren ya jera duwatsu, yadda dabba za ta sauka ba tare da ta zame ba. Ɗaya gefen ya bar shi da zurfi, doguwar ciyawa ta rufe bakinsa. Da ruwan nan muke ban ruwan kuɓewa da gauta da yakuwa da tattasai, da tulu, safe da yamma, har wuyan mutum ya sage. Da asuba kwaɗi ne ke tashe mu kafin ladan. Da hantsi kuwa sai kurciyoyi su sauko, ka ji suna ta kukan nan nasu mai sa barci. Ba wanda ya taɓa zama ya ce zai saurare su, muna ji ne kawai muna aiki.

A kan tudun da ke bayan lambun akwai rugar wani Bafulatani da muke kira Baffa. Tun kafin a haife ni yake sauka a wurin duk rani. Babban garken 'ya'yansa maza ke kaiwa kogi, tafiya mai nisa, amma maruƙa da marasa ƙarfi da masu ciki a tafkin Baba suke sha da tsakar rana. Shi kuma bayan girbi sai ya kwantar da shanunsa a gonarmu su bar mana taki. Babu takarda, babu shaida, ban ma taɓa jin sun zauna sun ƙulla maganar ba. Baba dai doka ɗaya ya kafa mana, kuma yakan maimaita ta ko ba a tambaye shi ba. Yakan ce, "Ruwan nan ba namu ba ne mu kaɗai. Kada in ga sabulu a ciki, kada in ga ƙazanta, kada in ga rogo." Rogon shi ya fi nanatawa. Irin da muke nomawa mai ɗaci ne, ba a cinsa sai an jiƙa shi kwana uku ko huɗu dafin ya fita, a matse, a shanya a kan dutse, a daka, a tankaɗe, sannan ya zama garin alabo. Ruwan da aka jiƙa shi a ciki kuwa guba ne. Inna ta sha ba mu labarin akuyar da ta kafa kai a irinsa a gaban idonta, ba ta kai ƙofar gida ba ta faɗi. Shi ya sa mata suke kai nasu can bakin rafi, su haƙa rami a gefe, su kewaye shi da ƙaya. Yaran yanzu a leda suke ganin alabo a kasuwa, ba su san abin da aka raba shi da shi ba.

'Yar Baffa ce ke koro shanun zuwa tafkin, kuma ita ce ƙawata. Sa'anni muke, ba mu wuce shekara sha biyu ba. Siririya ce, ba ta da yawan magana, Hausarta a karye, nawa Fulatancin bai wuce gaisuwa ba, amma mukan yini tare ba mu gaji ba. Takan kawo min kindirmo a 'yar ƙwarya, ni kuma in tsinko mata gauta. A cikin shanun akwai wata farar karsana mai baƙin kunne, ita ce tata ta kanta. Ranar sunan ƙawar tawa aka ba ta saniya kamar yadda suke yi wa kowane jariri, saniyar ta tsufa ta mutu, wannan karsana guda ta bar mata. Da ita za ta tafi gidan miji, daga ita arzikinta zai tashi. Shekarar nan karsanar na ɗauke da cikin fari, ya tsufa, ƙawata takan kama hannuna ta ɗora a gefen cikin ta ce in ji motsi. In ta kira ta da wani suna nasu, ko tana tsakiyar shan ruwa sai ta ɗago kai.

Abin ya faru ne cikin zafin bazara, lokacin da mangwaro ke zuba kuma ruwan tafkin ya ja baya ya yi kaɗan. Inna na jego, ba ta fita. Muka zauna da safe na fere rogo cike da kwando, ta ce in kai rafi in jiƙa. Ni kaɗai, don matan da muke tafiya tare sun riga sun wuce. Hanyar rafin tana bi ta gefen wani ƙauye na maƙwabtanmu masu al'adar gargajiya, kuma lokacin fitar dodonsu ne. Baba ya sha gaya mana ba ruwanmu da shi, mutum ne ya sa kaya. To, Baba yana faɗa ne a cikin gida. Ni da na kai wajen wata kuka, sai na ji wani gurnani daga cikin kurmi, ba na mutum ba, ba na dabba ba, yana tashi yana sauka. Sai ga mata biyu a guje sun yar da itacensu, ɗaya tana cewa, "Koma, yarinya, koma, ya fito." Ban san lokacin da na juya ba. Da kwandon a kaina na yi gudun da ban taɓa yi ba, ƙaya na yankar ƙafata ban ji ba, sai da na gan ni a cikin lambunmu ina haki.

Nan na tsaya ina tunani, kuma tunanin yaro ne. In na shiga gida da rogon, Inna za ta zage ni tas ta ce ragwanci ne, ta sake tura ni. Ni kuwa da in sake bin hanyar nan gara a yanka ni. Baba ya tafi kasuwa, lambun ba kowa. Na dubi gefen nan mai zurfi inda ciyawa ta rufe. Na ce ai shanu ta ɗaya gefen suke sha, kuma kwando ɗaya ne, me zai yi wa ruwa mai yawa haka? Na ce gobe da sassafe zan cire in bi mata zuwa rafi. Na tattare zanena na shiga har ƙugu, na nutsar da kwandon, na ɗora masa dutse, na jawo ciyawa na rufe wurin. Na shiga gida Inna ta ce, "Har kin dawo?" Na ce e. Ta ce, "Kin kewaye da ƙaya?" Na ce na kewaye.

Da rana ta take na ji kiran ƙawata daga kan tudu, irin kiran nan da suke yi wa shanu mai ja da tsawo. Na fito na tsaya a bakin tafkin, ina kallon shanun suna saukowa ɗaya bayan ɗaya, suna kafa baki. Ina ganin ruwan yana bin maƙogwaron karsanar, kowane haɗiya sai in ji kamar a kaina ake buga taɓarya. Suka sha suka ƙoshi suka hau, ba abin da ya faru. Ƙawata ta miƙo min kindirmo, na kurɓa sau ɗaya na mayar mata. Ta ce, "Ƙawa, ba ki da lafiya?" Na ce kaina ke ciwo. Ta dube ni, ta dubi ruwan, ta bi bayan shanunta. Ni kuwa har na ji sanyi a raina, na ce ashe manya tsoratar da mu kawai suke yi.

Washegari na tashi da niyyar cirewa, sai na tarar Baba ya riga ni shiga lambun. Ranar ya ware don gyaran kwalbatin da ruwa ke bi zuwa kuɓewa, bai gusa daga bakin tafkin ba sai don salla, sallar ma a nan gindin mangwaro ya yi ta. Na yi ta zarya da tulu, ina satar kallon wurin ciyawar. Can da hantsi ya tsaya ya shaƙi iska ya ce, "Ruwan nan ya fara wari. Zafi ne, da ganye da ke ruɓewa." Tulun ya kusa suɓuce min. Kalma ɗaya ce tsakanina da tsira, in ce Baba, ni ce na sa rogo. Ta zo har bakina. Na dubi bayansa, gumi na bin tsakiyarsa, na tuna bai taɓa dukana ba, kuma wannan shi ya fi ba ni tsoro, don ban san yadda fushinsa yake ba. Na haɗiye maganar. Shanu suka zo suka sha suka tafi. Ranar ko tuwo ban iya ci ba, Inna ta taɓa goshina ta ce zazzaɓin mangwaro ne.

Ina ganin jikokina yanzu, in suka fasa kofi sai su rugo su ce Kaka, na fasa, a ce ba komai. Har haushi abin yake ba ni wani lokaci, in ce yaran nan ba su da kunya. Amma in na zauna ni kaɗai sai in ce gara haka. Mu an koya mana tsoron manya har ya fi ƙarfin tsoron abin da manyan suke tsoratar da mu a kai.

Rana ta uku ina tsakar gida ina dakan dawa, Baba na kan tabarma yana gyara ƙotar fartanya. Na ji kiran shanu kamar kullum, na ci gaba da daka. Ba a daɗe ba sai na ji wata irin ƙara, muryar ƙawata ce amma ba ta kira ba ce, ƙara ce guda ɗaya mai tsini. Baba ya yar da fartanyar ya fita a guje, na bi shi. Abin da na fara gani shi ne saman ruwan, ya yi kumfa, fararen gutsattsarin rogo suna yawo a kai ko'ina. Rogon ya yi laushi, ya kumbura ya ture dutsen, ya taso. Karsanar, da ma ita ce mai kwaɗayin cikinsu saboda cikin da take da shi, ta kutsa har gefen mai zurfi ta yi ta ci. Tana tsaye a kan duwatsu, ƙafafunta huɗu a warwatse suna karkarwa, wuyanta a miƙe, tana jan numfashi da ƙyar, yawu na dalala. Ƙawata ta rungume wuyanta tana kiran sunan nan nata, ba ta ɗago ba.

Baba ya daka min tsawa in kori sauran shanun daga ruwan, in kawo manja da gawayi. Na kora, na ruga gida na ɗauko kwalbar manjan Inna, na daka gawayi a turmin da ban ko share dawar ciki ba. Kafin in dawo karsanar ta durƙusa. Baba ya ɗaga kanta ya ɗura mata manjan, rabi na shiga rabi na zuba a rigarsa. Ina tsaye ina karanta duk surar da na sani, ina haɗa wannan da waccan. Na yi wa Allah alkawura a wurin nan waɗanda har yau ban gama cikawa ba. Na ce in ta tashi zan faɗa da bakina, ko kashe ni za a yi.

Sai ga Baffa yana saukowa daga tudu. Bai yi gudu ba. Dogo ne, sandarsa a kafaɗa, hannayensa rataye a kanta. A bayansa 'ya'yansa biyu ne manya, waɗanda suka dawo ɗaukar wani abu a ruga, kowanne da sanda, ɗaya da adda a kugu. Ta ɗaya gefen maƙwabtanmu da suka ji ƙara suka fara taruwa, wasu da fartanyoyinsu a hannu don daga gona suke. Kowa ya tsaya a gefen nasa, tafkin a tsakiya. Yarinya ce ni amma na gane abin da nake gani. Yau in irin wannan ta faru, kafin la'asar waya ta kai labari inda ba a taɓa ganin saniyar ba, an ƙara masa gishiri, kuma Allah kaɗai ya san gidaje nawa za a kwana babu su. A lokacin ma ba wai mutane mala'iku ba ne. Na ga yadda mai addar nan yake kallon ruwan, na ga yadda jijiyar wuyansa take motsi.

Baffa ya tsuguna ya buɗe idon karsanar, ya duba dasashinta, ya ɗora kunne a gefen cikinta. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya zaro wuƙa. Ya yi wa 'yarsa magana da Fulatanci a hankali, ta ƙi sakin wuyan. Ya sake faɗa, ta ƙi. Sai da yayanta ya ɗauke ta cak. Suka juya karsanar ta fuskanci alƙibla, Baffa ya yi bisimilla ya yanka don kada ta zama mushe. Bayan ta daina shure-shure na ga gefen cikin ya motsa sau biyu, sannan ya tsaya. Ƙawata ba ta yi kuka da ƙarfi ba, zama ta yi a ƙasa ta dafe kunnuwanta.

Baba ya shiga ruwan har ƙirji, ya laluba cikin ciyawar, ya ɗago kwandon. Kwandon gidanmu ne, duk wanda ke wurin ya san shi, ni ake gani da shi a kai kullum. Baffa ya goge wuƙarsa a ciyawa, ya dubi Baba ya ce, "Aboki, wa ya sa rogo a ruwan nan?" Na san yanzu za a juyo a dube ni, kuma alkawarin da na yi na in ta tashi ne, ba ta tashi ba. Baba yana tsaye a cikin ruwa, kwandon na ɗiga a hannunsa, ya ce, "Ni ne."

To, a ƙasarmu namiji ba ya jiƙa rogo. Zai noma, zai tona, zai ɗauko ya kawo gida, amma fera da jiƙo na mata ne, ko mahaukaci ya san wannan. Balle Baba, da shi ya kafa dokar da bakinsa. Kowa ya san ƙarya ce, kuma ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba sai ranar. Mai addar ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗaga masa hannu. Ya dubi Baba tsawon lokacin da na ji kamar ba zai ƙare ba. Ko sau ɗaya bai juyo wajena ba, kuma na san da gangan ya ƙi juyowa. Sannan ya ce, "To. Tunda kai ne, magana ta ƙare." Ya ce wa 'ya'yansa su ja karsanar su hau da ita. Mutanenmu suka watse ɗaya bayan ɗaya.

A gida Inna ta ɗauko muciya, jegon nata ma ta manta da shi. Baba ya ce, "Bar ta." Ta ce, "Malam, ka san abin da yarinyar nan ta jawo mana?" Ya ce, "Na sani. Bar ta." Bai dube ni ba. Da ya zane ni da na fi samun sauƙi. Da yamma Baffa ya aiko da kason nama a ƙwarya, kamar yadda yake yi duk lokacin da ya yi yanka. Baba ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Naman nan ba wanda ya iya taɓa shi a gidanmu. Kwana biyu Baba yana kwarfe tafkin da bokiti shi kaɗai, ya ƙi yarda kowa ya taya shi, ya kankare laka, ya jira sabon ruwa ya tsatso. Sannan ya sa rigarsa ta Juma'a ya hau tudu da ɗan bijiminmu na noma a igiya, ya gaya wa Baffa ruwa ya gyaru. Baffa ya yi godiya, ya rako shi har rabin hanya, da bijimin a hannun Baba kamar yadda ya je da shi. Daga ranar shanu ba su sake sauka tafkinmu ba. Kullum da rana ta take sai in ji kiran ƙawata yana wucewa ta bayan shingenmu, tana kora maruƙan doguwar hanyar kogi cikin zafin nan. Nakan ɓuya a bayan rumbu har muryar ta ɓace. Tsoron haɗa ido da ita nake ji fiye da yadda na ji tsoron dodon.

Da ruwan farko ya sauka muka ji za su tashi, wai ta wajen Obi za su nufa, kuma Baba ya ce wa Inna ba ya jin za su dawo baɗi. Da safen da za su tafi na ajiye tsintsiya na hau tudun ban gaya wa kowa ba. An riga an rushe bukkokin. Ƙawata na ɗaure ƙore a bayan wani sa, ta rame, wuyanta ya ƙara tsawo. Na tsaya a bayanta. Na ce, "Ƙawa, ba Babana ba ne. Ni ce na sa rogon."

Ba ta juyo ba, ta ci gaba da jan igiyar. Ta ce, "Na sani. Ina kan tudu ranar da kika shiga ruwa da kwando. Na gan ki."

Na ce, "Kin gan ni? To me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta ce, "In na faɗa za a doke ki. Na ce ke kin fi ni sanin rogo. In da zai yi ɓarna, ai za ki gaya min."

Sai a lokacin ta juyo. Ba fushi a fuskarta, kallona kawai take kamar mai son a fahimtar da ita wani abu. Ta ce, "Kwana biyu kina tsaye kusa da ni tana sha. Me ya sa ba ki gaya min ba? Ni kaɗai. Da sai in kai ta kogi."

Ta jira ni, wallahi ta jira. Baffa ya kira ta daga gaba, ta ɗauki sandarta ta bi bayan san. Ban sake ganinta ba, kuma har yau da furfura ta cika min kai ban samo abin da zan ce mata ba.